Hazo, iska da ruwa a kan babbar hanya: wace na'ura ake fara dasawa, kuma a wane awo ake rage gudu?

Ɗan Kwalta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin kula da hanya da na'ura ce.

A ɗauka babbar hanya ce mai hannu biyu, tsawonta kilomita 40, iyakar gudu kilomita 100 a awa. Wurare uku ne ke ba da matsala. Akwai kwari kusa da kogi inda hazo ke kwantawa da asuba, akwai doguwar gada inda iska ke bugun tirela ta gefe, sai wani wuri da titin ya nutsa ƙarƙashin layin dogo, ruwa na taruwa a cikinsa in an yi ruwa mai ƙarfi. Kuɗin da ke akwai ba zai kai a baza na'urori ko'ina ba. Me ake fara dasawa, kuma a ina? A wane awo allon lantarki na kan hanya, mai sauya rubutu, zai sauke gudu daga 100 zuwa 80 ko 60? Kwamfuta ake bar wa hukuncin ko sai mutum ya danna? Masu sayar da kayan kowa hajarsa yake yabo, shi ya sa nake so in ji ta bakin waɗanda ba su da abin sayarwa.

Injiniya Mai Gada:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a sayi ko ƙusa, a ɗauko rajistar hatsarin hanyar ta shekara uku zuwa biyar, a ɗora kowane hatsari a kan taswira da ranarsa da sa'arsa, a gwama da bayanan yanayi na waɗannan ranakun. Wannan aikin tebur ne, amma shi ke nuna inda za a kafa turke. A hazo misali, bakin shiga ya fi tsakiya haɗari, domin a nan ne na gaba ke taka birki alhali na baya yana tafe da gudunsa na sarari.

Tashar awon yanayin hanya, wadda a harkar ake kira RWIS, hasumiya ce da akwati a gindinta. Ma'aunin iska yana can sama a mita 10. Ma'aunin zafi da laima yana mita 1.5 zuwa 2 daga ƙasa, cikin 'yar rumfar da ke kare shi daga rana. Sai ma'aunin ruwan sama, ma'aunin nisan gani, da kyamara. A cikin kwaltar kanta ana yanka rami a binne wani faifai daidai da fuskar titi, shi ke faɗin zafin kwalta da ko ta jiƙe. Akwai kuma wanda ba a binnewa, ana rataye shi a turke ya haska titi da hasken da ido ba ya gani, ya auna kaurin ruwan da ke kwance. Vaisala na Finland da Lufft na Jamus duk suna yin irinsa. Na fi son na ratayewa, don ran da aka zo kankare tsohuwar kwalta, na binnewa da shi injin ke tafiya in ba a tuna da shi ba.

Ga hanyar da ka kwatanta, cikakkiyar tasha ɗaya a kwarin ta isa. Gada ma'aunin iska kawai take buƙata, ramin ƙarƙashin dogo kuma ma'aunin ruwa. Inda ba a yin rowa shi ne ma'aunin nisan gani. Mutane na zaton yana hango nesa ne kamar ido. Hannaye biyu ne da shi, ɗaya na harba haske, ɗayan na karɓar abin da ɗigon ruwa ko ƙura suka watsa, daga iskar da ba ta kai cikin kwalbar lita guda ba. Daga wannan 'yar iskar yake lissafa nisan gani. Ke nan labarin inda yake tsaye kaɗai yake bayarwa, hazo kuwa gutsure-gutsure yake zuwa. Shi ya sa a Holan, a hanyar A16 kusa da Breda, tsarin da aka kafa a 1991 ya ɗauki ma'auni 20 a cikin kilomita 12. A Arizona ta Amurka, inda guguwar ƙura ce ke rufe ido a hanyar I-10, ma'auni 13 aka jera a kusan kilomita 16, aka haɗa da rada, wato na'urar da ke harba sigina ta gano abu daga nesa. In kwarinka kilomita 4 ne, kada su kasa biyar, kuma ɗaya ya kasance a wuri mafi gangare. Kada a rataye su can sama. Hazon kwari ƙasa-ƙasa yake kwantawa, na'urar da ke saman hasumiya tana iya cewa garau alhali direba ba ya ganin danjar motar gabansa.

Abubuwan da ke kashe tsarin ƙanana ne. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin hannayen nan biyu, raɓa ta sauka a kai, na'ura ta ce hazo ya rufe gari da rana tsaka. Ƙura ta kwanta a gilashi, awo ya riƙa karkacewa a hankali ba wanda ya lura. Ma'aunin ruwan sama mai 'yar kwanon juyawa, wanda kowane juyi milimita 0.2 ne, ganye ko kashin tsuntsu ya toshe mazurarinsa, sai ya nuna ba a yi ruwa ba. Don haka a sa gogewa duk wata, da gwajin awo aƙalla sau ɗaya a shekara, a cikin kwangilar tun farko.

Wuta kuma a yi mata lissafi. Tashar da ke cin wat 30 tana shan wat-awa 720 a yini. In ana so ta jure kwana uku ba rana, 2,160 ke nan, wato amfiya-awa 180 a bolt 12. Batirin dalma ba a shanye masa fiye da rabi, ke nan 360 ake buƙata. Kuma kwanakin da ba rana su ne kwanakin da aka kafa tashar dominsu. A sa wayar ƙasa mai kyau da abin kare tsawa a layin wuta da na bayanai, don hasumiyar ƙarfe a fili kiran aradu take yi. A ƙarshe a sharɗanta wa ɗan kwangila cewa kayan su yi magana da yaren da kowa ke ji, NTCIP 1204 ga tashar yanayi da 1203 ga allo in tsarin Amurka aka bi. In ba haka ba kamfani ɗaya zai ɗaure ku har abada.

Hajiya Mai Lissafi:

Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in ɗauki awon. Ƙa'idar guda ce: kada gudun da allo ya nuna ya wuce wanda mota za ta iya tsayawa a cikin nisan da direba ke gani.

Nisan tsayawa kashi biyu ne. Na farko tafiyar da mota ke yi kafin ƙafa ta kai birki. Masu zanen hanya a Amurka daƙiƙa 2.5 suke ɗauka. A kilomita 100 a awa mota na cin mita 27.8 duk daƙiƙa, ke nan mita 69 sun tafi ba a ko taɓa birki ba. Na biyu ja da birki, wanda ya dogara da yadda taya ke riƙe titi. Riƙon da lamba ake auna shi, babbar lamba riƙo mai ƙarfi, kuma a busasshiyar kwalta kusan 0.7 ne, birki zai ci mita 56. A jiƙaƙƙiya a ɗauka 0.4, zai ci 98. Jimla a jiƙe mita 167. Da wannan lissafin, a gudun 80 ana buƙatar kusan mita 120, a 60 kusan 77, a 40 kusan 44.

Sai a ƙara rata a kai. Ni zan sa 80 da zarar nisan gani ya yi ƙasa da mita 200, 60 in ya yi ƙasa da 130, 40 in ya yi ƙasa da 85. Na Holan ɗin da Injiniya ya ambata 80 aka saita su nuna ƙasa da mita 140, 60 kuma ƙasa da mita 70, wato sun fi ni sassauci. Faransa da Jamus kuwa a doka suka rubuta cewa in gani bai kai mita 50 ba, gudu kada ya wuce 50. Faransa ta ƙara da cewa in ana ruwa, 130 na manyan hanyoyinta ya koma 110. Kowa da nasa awon, amma duk daga lissafin nan suka fito, kuma hanya mai gangare ko mai yawan tirela sai an tsananta mata.

Abu biyu ake yawan kuskurewa. Ɗaya, saukar da gudu faraɗ ɗaya. Ba a tashi daga 100 a faɗa 40 a allo ɗaya, hakan ma haɗa karo ne. Kowane allo ya rage 20, da tazarar mita 500 zuwa kilomita guda tsakaninsu, na farkon kuma ya kasance a sarari tun kafin a shiga hazon. Allon da sai an shiga ake ganinsa ihu ne bayan hari. Biyu, barin allo ya riƙa rawa. Hazo na zuwa yana wucewa, in awo na reto a bakin mita 200, allo zai yi ta 100, 80, 100, 80, direbobi su ɗauke shi mahaukaci. Maganinsa saurin sauka da jinkirin hawa. A sauke gudu in awon ya zauna ƙasa da iyaka minti ɗaya ko biyu, amma kada a ɗaga sai ya haura iyakar da rata, a ce 250, ya kuma zauna a can minti goma.

Ruwan sama shi kaɗai ma yana da nasa awon, kuma kaurin ruwan da ke kan kwalta ya fi yawan wanda ke zuba muhimmanci. In ruwa ya fi ƙarfin zanen taya, tayar hawa kansa take yi, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Turai milimita 1.6 ta sa a matsayin mafi ƙarancin zurfin zane, kuma tayar da ta kai nan ba ta iya korar ruwan kirki. Wuraren da za a sa wa ido su ne inda titi ke juya karkatarsa gab da kwana, don a nan fuskarsa ke zama shimfiɗe ruwa ya rasa inda zai gangara, da inda manyan motoci suka yi wa kwalta kwarmi.

Baban Famfo:

Malam Ɗan Kwalta, in kuɗi na abu ɗaya ne kacal, ramin ƙarƙashin dogo za a fara. Shi ne mafi arha, kuma shi ne wanda kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa.

Duba lissafin. Ruwan milimita 50 a awa da ya zuba a kan hekta guda na kwalta da kankare kubik mita 500 ne, kusan lita 139 duk daƙiƙa. In famfo ya tsaya, kuma gindin ramin murabba'in mita 1,000 ne, ruwa zai tashi santimita 50 a awa, wato santimita 15 cikin minti 18. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu na santimita 15 yana kayar da babban mutum, na 30 yana ɗaukar yawancin ƙananan motoci, na 60 har manya. Direba kuwa da dare ba ya iya gane zurfi, baƙin ruwa da baƙar kwalta duk ɗaya ne a idonsa.

A sa ma'auni biyu masu aiki daban. Ɗaya rada ce da ake ratayewa a sama tana auna nisan fuskar ruwa, ɗayan na matsin ruwa ne ko mai ƙwallon da ke tashi da ruwa, a cikin rijiyar famfo. Dalilin bambantawa shi ne cutarsu ba ɗaya ba ce. Na cikin rijiya laka da leda ke toshe shi, rada kuma mota na iya tsayawa ƙarƙashinta ta ruɗe ta. Shawarata gargaɗi a santimita 5, rufewa a 10 zuwa 15. Amma saurin tashin ruwan ya fi zurfinsa ba da labari: in yana hawa santimita ɗaya a minti, a rufe tun bai kai awon ba. A haɗa famfo da janaretansa da tsarin, ta yadda tsayawar famfo ana cikin ruwa ita ma ƙararrawa ce.

Kada a manta da kogin. A Osong ta Koriya ta Kudu, ranar 15 ga Yuli 2023, mutum 14 suka mutu a irin wannan ramin. Ruwan daga kogin Miho ya fito bayan shingensa ya karye, ya cika ramin cikin mintuna, kuma ba a rufe hanyar ba. Ma'aunin cikin rami ba zai ga irin wannan ba sai ya iso. In akwai kogi kusa, a ɗauki awonsa daga sama a sa shi cikin sharuɗɗan rufewa. Sandar tare hanya kuma a kafa ta inda mota ke da mafita ko wurin juyawa, da jar fitila tun kafin ta sauka. In aka kafa ta a bakin ramin, layi zai taru har gangare.

Batun gada gajere ne. A auna bugun iska na daƙiƙa uku tare da matsakaicin minti goma, a kuma auna ta inda take fitowa, don wadda ke bugu ta gefe ce mai kifarwa. Ƙarfin turinta da murabba'in gudunta yake tafiya, daga kilomita 60 a awa zuwa 85 turi ya ninka. Tirela marar kaya ta fi mai kaya faɗuwa. Shi ya sa jihar Wyoming ta Amurka ke rufe hanyar I-80 ga dogayen motoci marasa nauyi kaɗai a ranakun iska, sauran su wuce. Awon rufewa ya danganta da tsayin gada da irin shingenta, ba a aron na wata. Kuma a tanadi filin da tirelolin za su jira, in ba haka ba a gefen titi za su jeru.

Ɗan Kwalta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Da a ce hanyar a ƙasar sanyi take, me zai canza? Kuma tunda yanzu motoci da wayoyi suna aika bayanai da kansu, ba za su ɗauke wa mutum kafa turaka ba?

Injiniya Mai Gada:

A ƙasar sanyi zafin kwalta ne sarki, na iska bayansa yake. In zafin kwalta ya yi ƙasa da sifili, kuma ya yi ƙasa da awon da raɓa ke sauka, ƙanƙara za ta kama titi ko ba a yi ɗigon ruwa ba, siririya wadda ba a gani. Gada ke fara daskarewa don iska na bin ta sama da ƙasa. Riƙon taya na iya faɗuwa 0.1, inda birki kaɗai a gudun 100 zai ci kusan mita 390. Amfanin tashar a nan shi ne hasashe. Ana zuba awonta cikin manhaja irin METRo ta Kanada, ta faɗi sa'ar da kwalta za ta daskare, motoci su fesa ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23 cikin ɗari tun kafin lokacin, don hana ƙanƙara manne wa titi ya fi ɓamɓare ta sauƙi. Gishirin yana rage aiki sosai in sanyi ya wuce digiri 9 ƙasa da sifili, daga nan sai a koma wa sinadarai irin kalsiyam kulorayid. Finland ta fara sauya iyakar gudu bisa yanayi a hanyar E18 tsakanin Kotka da Hamina tun 1994.

Bayanan motoci ƙari ne mai kyau. Waifa ta kunnu a motoci da yawa wuri ɗaya, ana ruwa ke nan. Na'urar hana taya kullewa ta yi ta tashi a kwana ɗaya, akwai santsi. Gudun wayoyi ya faɗi, akwai cunkoso. Raunin shi ne duk labarin abin da ya riga ya faru ne, sai motar farko ta zame kafin a sani. Da ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da hazo ya fi kauri, motocin ma ba su da yawan da za a dogara da su.

Malam Mai Ɗakin Kula:

Tambayar Malam Ɗan Kwalta ta uku, ta wa ake bar wa hukunci, ba a amsa ba, kuma a nan na ɗan saɓa da Hajiya, don lissafinta ya ɗauka cewa awon da ke shigowa gaskiya ne kullum.

Raba hukuncin gida biyu. Gargaɗi da rage gudu zuwa 80 ko 60 a bar wa kwamfuta, don hazo ba ya jiran mai gadi ya dawo daga bayi. Amma da sharaɗi: ma'auni biyu maƙwabta su yarda da juna, ko ɗaya ya samu shaida daga wani abu daban, kamar laima ta haura kashi 90 ko radar ƙirga motoci ta ga gudu ya faɗi. Ma'aunin da ya ce hazo alhali laima 40 ce kuma ba ƙura, gizo-gizo ne. Rufe babbar hanya gaba ɗaya kuwa sai mutum ya duba kyamara ya tabbatar, ya kira 'yan sanda, ya san inda zai karkatar da motocin. Banda ramin Baban Famfo. Shi ya rufe kansa, mutum ya zo daga baya ya buɗe, bayan an je an gani da ido.

Duk wannan a rubuta shi a takarda tun rani: awo kaza, allo kaza ya nuna kaza, wane ke kiran wane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar Tennessee ta Amurka ta koyi haka da tsada. Ranar 11 ga Disamba 1990 motoci 99 suka yi karo cikin hazo a hanyar I-75 kusa da Calhoun, mutum 12 suka mutu. Tsarin da aka kafa a wurin daga baya ya haɗa ma'aunan hazo, allunan gudu da ƙofofin rufe mashigar hanya.

Rubutun allo ya zama gajere, abin da ke gaba, nisansa, da abin yi. "HAZO KM 2, RAGE GUDU" ya wadatar. A gudun 100, allon da ake iya karantawa daga mita 200 daƙiƙa bakwai kawai yake ba direba, rabinsu kuma idonsa na kan titi. Hasken allon ya riƙa bin hasken gari, don mai tsananin haske cikin hazon dare dunƙulen fari yake zama.

Sai abin da ya fi cin amanar tsarin, wato allon da ya maƙale. Layi ya yanke allo na nuna 60, gari ya waye tas, kwana biyu yana nan a 60. Duk wanda ya bi hanyar ya koyi cewa allon ƙarya yake yi, ran da ya faɗi gaskiya ba mai ɗaga ƙafa. Don haka kowace na'ura ta riƙa aiko alamar tana raye duk minti, ɗakin kula ya ga ja in ta yi shiru. A kuma saita allon cewa in minti goma sha biyar suka wuce bai ji daga ɗakin kula ba, ya share saƙon yanayi da kansa ya koma abin da aka tsara masa.

Hajiya Mai Lissafi:

Na karɓi gyaran Malam Mai Ɗakin Kula. Abin da zan ƙara, a dasa radar ƙirga gudu mita ɗari biyu zuwa uku bayan kowane allo, a ajiye bayananta tare da na yanayi. Bayan wata shida a duba abu biyu a lokutan da allo ya kunnu: matsakaicin gudu, da ratar da ke tsakanin masu sauri da masu hankali. In matsakaici ya sauka amma ratar ta faɗaɗa, wasu na bin allo wasu ba sa bi ke nan, kuma wannan ya fi zama ba allo haɗari. A irin haka sai a duba ko awon ya yi tsauri da yawa har direbobi na ganin sarari alhali allo na cewa 60, ko kuwa kyamarar kama masu gudu ce ta rage a ƙara.